Akwati a Ɗakin Mai Jego

Motar a-kori-kura ce fara, ta wani kamfani mai gwajin bututun ƙarfe. Da hantsi ta taso daga wajen garin Tema. Direban ya ga cunkoso a babban titi, sai ya ratse ta mahaɗar Kawukudi don ya yanke hanya. A nan wata trotro, ƙaramar bas ta haya, ta taka birki a gabansa ba sigina. Ya kauce mata, tayar gaba ta faɗa kwata, motar ta kwanta a gefe ɗaya. Duk abin da ke bayanta ya watse a kan kwalta: wayoyi a naɗe, akwatin sifana, hular kwano, jarkar ruwa, da wani akwati mai ruwan ɗorawa mai hannu biyu, wanda igiyar roba ce kawai aka ɗaure shi da ita.

Mutanen mahaɗar suka yi abin da suka saba yi. A Kawukudi in mota ta faɗi, maza su ciro mutum, mata su tattara kaya. Ana tara kayan a rumfar wani babba da kowa ya sani, a rufe da buhu, har mai su ya warke ko danginsa su zo. A wannan gefen titin, rumfar Abibata ce ma'ajiya. Ta daɗe tana sayar da shinkafa da wake a wurin, tun kafin a shimfiɗa kwaltar. An taɓa ajiye mata keken ɗinki, an taɓa ajiye mata akuya, kuma duk sun koma hannun masu su.

Ɗanta Mujeeb mai facin taya ne, rumfarsa jikin tata. Shi ya fasa gilashin motar ya jawo direban, wanda ya riga ya suma, jini na zuba daga goshinsa. Kafin a samu tasi, sai ya ga akwatin nan mai ruwan ɗorawa a tsakiyar titi, motoci na kewaye shi. Ya rungumo shi ya kai ƙarƙashin teburin mahaifiyarsa.

"Mma, riƙe wannan ma. Nauyi kamar an cika shi da dutse."

A jikin akwatin akwai wata alama mai fuka-fukai uku, rubutun ƙasanta ya koɗe. Wata mai sayar da lemo ta duba ta ce kayan fanka ne. Abibata ta ja buhu ta rufe. Mujeeb ya shiga tasi da kan direban a cinyarsa, suka nufi asibiti.

'Yan sanda suka iso da sufeto guda. Ba da jimawa ba wani mutum mai farar riga da katin aiki rataye a wuya ya sauko daga mota mai sanyi. Manajan kamfanin ne. Bai tambayi direbansa ba. Ya leƙa bayan motar, ya leƙa kwata, sannan ya ɗaga murya da Turanci da yaren Twi a haɗe, cewa an sace wata na'ura mai tsadar gaske, kuma duk wanda aka same ta a hannunsa zai tsufa a gidan yari. Wani ɗan kallo da ba ɗan unguwar ba ya ce ya ga wani saurayi ya ɗauke ta.

Daidai lokacin Mujeeb ya dawo, rigarsa jiƙe da jinin direban. Ɗan kallon ya nuna shi. Mujeeb ya buɗe baki zai yi bayani, sufeton ya riga shi da mari a kunnen hagu. Kafin ya dawo hayyacinsa an sa masa ankwa, an jefa shi bayan motar 'yan sanda. Daga can ya ji manajan yana maimaita maganar gidan yari. Ya dubi teburin mahaifiyarsa, ya sunkuyar da kai. Aka yi ta tambayarsa ina akwati, bai ce uffan ba.

Abibata ta ga marin. Ta ji maganar manajan. Lissafinta bai yi tsawo ba: in an ga akwatin a nan, taku biyu daga rumfar Mujeeb, an samu shaida ke nan. Ta durƙusa bayan tebur, ta mirgina akwatin cikin babban bahon da take kawo shinkafa, ta rufe da ganye da tsohon zani. Mai lemo ta taya ta ɗorawa a ka ba tare da ta tambaye ta komai ba. Ta wuce ta gaban 'yan sandan, mace mai abinci ɗauke da baho, babu wanda ya kalle ta.

Gidanta yana cikin unguwar Nima, bayan babbar kwata. A gidan akwai ɗaki ɗaya da namiji ba ya shiga. 'Yarta Fauziya ta zo haihuwar fari gaban uwa, ta haifi ɗa namiji, ko suna ba a yi ba tukuna. Abibata ta san 'yan sanda za su iya birkita kowane ɗaki, amma matan gidan za su kwanta a bakin ƙofar mai jego kafin su bari a shiga. Ta tura akwatin ƙarƙashin gadon, tsakanin kwanuka da buhun gero na kunun kanwa. Fauziya tana barci, jaririn a gefenta. Abibata ta wanke hannu ta koma rumfa, don kada a ga babu ita.

Wani jami'in kashe gobara ne ya lura da alama mai fuka-fukai uku a jikin ƙofar motar da ta faɗi. Ya san ta daga wani horo da aka taɓa ba su. Shi ya buga waya hukumar da ke kula da sinadaran nukiliya, hukumar kuma ta turo Mubarika da abokin aikinta guda.

Mubarika 'yar unguwar Maamobi ce, maƙwabciyar Nima, 'yar Issifu tela. Ta sauko da mita a hannu, irin wadda take ƙara idan ta ji tururin nukiliya. Ta zagaya motar, ta bi kwalta, ta leƙa kwata. Mitar ba ta nuna komai ba sai abin da ke ko'ina. Ta karɓi takardun motar ta karanta, sannan ta nufi manajan.

"Sinadarin iridiyum ne a ciki?"

"E, amma a rufe yake ruf, Madam."

"Da me aka ɗaure shi?"

Ya gyara katin aikin da ke wuyansa. Ta ɗaga guntun igiyar roba ta nuna masa.

"Ka gaya wa mutanen nan abin da ke cikin akwatin?"

"Ba na son a firgita jama'a."

"Me ka ce musu?"

"Na ce na'ura ce mai tsada."

"Mai tsada." Ta dube shi. "A unguwar da masu sayen tsohon ƙarfe ke yawo da guduma, ka tsaya a titi ka yi shela cewa akwai abu mai tsada a akwatin ƙarfe. Ka san abin da ke biyo baya in an fasa shi?"

Ya sani sarai. Abin da ke ciki bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba. Da shi suke ɗaukar hoton cikin walda, su ga ko akwai tsaga. Muddin yana cikin kumbonsa mai kauri, tururin da ke fita kaɗan ne. In ya fito, mutum zai riƙe shi a hannu bai ji zafi ba, bayan kwanaki hannun ya ruɓe. Manajan ya ce shi dai lauyan kamfani ya hana shi yawan magana, ya juya ya koma kusa da sufeto.

Aikin Mubarika na farko shi ne ta faɗi matakin haɗarin, domin a kan matakin ake tsara duk abin da za a yi. A ofishinsu matakai uku ne. Na farko, akwati yana nan, bai tsage ba: a killace ɗan wuri, a ɗauke shi, kowa ya kama gabansa. Na biyu, yana nan amma ya ji rauni, ko mita ta haura ƙima: a janye jama'a nesa, a kira likitoci. Na uku, ba a san inda yake ba. Shi na ukun hanya biyu gare shi. In an ce ɓata ya yi, ana shela ne, a gaya wa mutane kamanninsa da haɗarinsa. In an ce sace shi aka yi, aikin ya koma hannun jami'an tsaro, a yi shiru kada ɓarawo ya farga, a bi gida gida.

Ta kira shugabanta.

"Mataki na uku, Yallabai. Ba a san inda yake ba."

"Sufeto ya ce sata ce, har sun kama mutum."

"Sun kama mutum. Sata kuwa ban ga shaidarta ba."

"A ina abin ya faru?"

"Kawukudi."

"To."

"To me, Yallabai?"

"Mubarika, kada ki mai da abin nan na unguwa. Kin fi ni sanin wurin."

"Shi ya sa nake roƙo a bar ni in sa a yi shela a lasifikar masallatai. Kafin a idar da azahar kowa ya ji."

"In ɓarawo ya ji, ya jefa shi a kwata ko ya fasa, wa zai ɗauki laifi? Babu shela. Na ba ki zuwa la'asar. In bai fito ba, ni zan ce sata da bakina, a turo sojoji."

Ya kashe wayar. Ta tsaya riƙe da ita. Ta taɓa ganin binciken gida gida a Nima tana yarinya, ta san yadda ƙofofi ke komawa bayan an gama, ta kuma san cewa a irin wannan rana duk wanda ke da abin ɓoyewa yakan jefa shi inda ya samu.

Sai ta lura da abin da ya kamata ta lura da shi tun farko. Kwaltar a share take. Babu waya, babu sifana, babu ko hular kwano. Ta dubi rumfunan gefen titi, ta ga Abibata zaune bayan tukunyarta, ba mai saye ko ɗaya. Tun tana firamare take cin shinkafa da waken matar nan a ganye. Ta ce wa abokin aikinta ya tsaya wurin mota, ta tafi ita kaɗai.

"Mma Abibata, sannu da rana."

"'Yar Issifu ce? Au, Madam ce yanzu. Sannu, Madam."

Mubarika ta durƙusa ta ɗaga gefen buhun. Wayoyi a naɗe, akwatin sifana, hular kwano, jarka, wayar salular direban da takalminsa, an jera su tsaf. Ta kara mita. Shiru.

"Mma, akwai akwati mai ruwan ɗorawa a cikin kayan nan."

"Kin gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"Ni ma ban gan shi ba."

"Mma, na san ajiya ce. Na san ba sata ba ce."

"Kin sani?" Abibata ta ajiye ludayi. "To tashi ki gaya wa wancan mai sanda. Ga Mujeeb can, duba shi. Ɗan uwanki ne, tare kuka yi makarantar allo. Ya ciro mutum daga mota, ya rungume shi kamar ɗan cikinsu, ya kai shi asibiti. Jinin bai bushe a rigarsa ba suka mare shi a gabana. A gabana, Mubarika! Shi mai farar rigar ko sunan direban bai ambata ba. Yanzu kuma sun ga ba su iya ba, sai suka turo mana mai jin Hausa."

"Ba su suka turo ni ba."

"Rigar da ke jikinki ta wa ce?"

Mubarika ta mayar da buhun ta rufe kayan. Ta ce, "Abin da ke cikin akwatin nan yana kisa. Ba ya wari, ba ya zafi, ba a ganinsa."

"Ɗazu mai tsada ne, yanzu mai kisa ne. Anjima kuma zai zama mene? In yana kisa, don me aka bi da shi ta kasuwa ɗaure da roba? In yana kisa, don me mai shi ya tsaya yana shan ruwan sanyi? Ku je ku yaudari wasu."

Tambayoyin daidai suke, Mubarika kuma ba ta da amsar da za ta yi wa kamfanin daɗi. Ta ce, "Don ba su ɗauke mu a bakin komai ba, Mma. Shi ya sa. Manajan ya san abin da ke ciki ya ƙi faɗa, don kada a tambaye shi robar. Ni ma an hana ni shela. In la'asar ta yi, sojoji za su shigo Nima."

"Su shigo. Ba yau suka fara ba."

Aka kira sallar azahar daga masallacin da ke bayan rumfunan. Mubarika ta miƙe. Ƙafarta ta yi tsami da durƙuso.

"Shi ke nan. Ba zan tilasta miki ba. Amma in kin san wanda ya san inda yake, a gaya masa abu biyu. Kada a buɗe, ko da wasa. Kuma a nisanta shi da mai ciki da jariri. Su ya fi kamawa. In ya tsage a faɗuwar nan, babba zai iya jurewa ɗan lokaci, jariri ba zai iya ba."

Ta juya za ta tafi. Ta waiga, ta ga Abibata ta dafa tebur da hannu biyu, idonta a kan tukunya.

"Ki rantse."

"Wallahi, Mma."

"Da kabarin Issifu."

"Ba a rantsuwa da kabari. Na ce wallahi."

Abibata ta kwance zanen aiki ta jefa a kan benci. Ba ta rufe tukunyar ba. Ta shiga lungu, Mubarika na biye da ita. Matar da ta haura sittin tana tafiya kamar za ta tashi sama, ta tsallake katakon da aka gitta a kan babbar kwata ba ta duba ƙasa ba. Sai da suka iso zauren gidan Mubarika ta tuna labarin da ta ji a wurin ƙanwarta, cewa Fauziya ta sauka.

"Mma, ba dai..."

"Yi shiru."

A tsakar gida mata na tafasa ruwan wanka. Mitar ta fara ƙara tun daga bakin labule, jefi-jefi, sannan ta ƙara sauri. Mubarika ta tsayar da Abibata da hannu.

"Fauziya! Mubarika ce. Ɗauko yaron ki fito yanzu. Kada ki tsaya neman ɗankwali."

"Yaya Mubarika? Lafiya? Mai jego ba ta..."

"Fito!" in ji Abibata.

Fauziya ta fito da jaririn a ƙirji, ƙafa ba takalmi. Matan gidan suka ja ta can ƙarshen tsakar gida, suna tambaya duk a lokaci guda. Mubarika ta shiga ita kaɗai. Ta kwanta a ƙasa ta haska fitilar waya a ƙarƙashin gado. Akwatin yana nan, kusurwa ɗaya ta lotsa, fenti ya kankare, kwaɗon yana rufe. Ta auna daga nesa, ta matso ta auna, ta auna kowane gefe, ta auna saman katifa inda zanen jaririn yake. Ta maimaita duka don ta tabbatar. Lambobin sun yi daidai da abin da aka rubuta a takardun motar. Kumbon bai tsage ba.

Ta fito. Abibata na tsaye inda ta bar ta.

"Ya kama yaron?"

"Akwatin bai tsage ba. Abin da ya samu kaɗan ne, kusan kamar hoton ƙirji a asibiti. Likita zai duba su duka biyun, amma ban ga abin tsoro ba."

"Da ya tsage fa?"

"Bai tsage ba, Mma."

Abibata ta zauna a kan turmi. Fauziya, da ta fara fahimtar abin da ake ciki, ta ce, "Mma, me kika sa min a ƙarƙashin gado?"

Saura fitar da akwatin. Mubarika za ta iya kiran abokin aikinta da 'yan sanda su zo gidan, amma wata tsohuwa ta riga ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta ce namiji ba zai shiga ba ko shugaban ƙasa ne. Akwatin da bai tsage ba ana iya ɗaukarsa da hannu, don haka ma aka yi masa hannaye. Mubarika ta kira abokin aikinta ta gaya masa abin da ta auna, ta ce ya buɗe bayan motarsu ya jira.

"Mma, in muka fita da shi, za su san a nan yake. Ba zan yi ƙarya a kan inda na same shi ba."

"Na roƙe ki ƙarya?" Abibata ta miƙe. "Ni na kawo shi, ni zan mayar. Kama wancan hannun."

Haka suka fito da shi, mace biyu, kowa da hannu ɗaya, ta lungun da suka bi. Masu fitowa daga masallaci suka buɗe musu hanya. Kafin su isa mahaɗar, jama'a sun yi jerin gwano a bayansu. Suka aza shi a bayan motar hukumar. Abokin aikin ya sake aunawa, ya gyaɗa kai, ya ɗaure shi da sarƙa.

Mubarika ta kira shugabanta, ta buɗe sautin wayar yadda sufeto da manaja za su ji.

"Yallabai, na sauke zuwa mataki na farko. Akwati yana hannunmu, bai tsage ba. Ba a buƙatar sojoji."

"Madalla. An ƙwato shi ke nan."

"Ba a ƙwato ba. Ajiye shi aka yi, aka dawo da shi. Kuma an ɗauko shi daga Tema ɗaure da igiyar roba, igiyar tana wurina."

"Wannan a bar shi sai kin dawo ofis."

Manajan ya riga ya tafi rumfar Abibata, ya yaye buhu, yana duba kayansa ɗaya bayan ɗaya. Ya same su cif. Ya sa direbansa na mota mai sanyi ya kwashe, bai dubi kowa ba.

Sufeton ya ce mataki na farko ko na goma, wannan aikin hukuma ne. Shi nasa aikin sata ce, kuma yanzu ya samu wanda ya ɗauka da wadda ta ɓoye. Uwa da ɗa duka za su bi shi ofis. Wani kurtu ya matso wurin Abibata. Jama'a suka yi gunaguni, samari suka fara matsowa, wani ya ce wa kurtun da yaren titi, "Chale, taɓa ta ka gani." Abibata ta miƙa hannayenta biyu gaba, ta ɗaga kai.

Mubarika ta riga ta gaya wa sufeton gaskiya sau biyu, bai saurara ba. Ta sake gwadawa, ta ambaci kayan da aka samu cif, ta ambaci direban da ke kwance a asibiti da rai. Ya ce ta je kotu ta faɗa. Ta dubi Mujeeb a bayan mota, kunnensa ya kumbura, kurtu biyu na zaune sun matse shi a tsakiya.

"To, Sufeto. Amma akwai ƙa'ida. Duk wanda ya taɓa akwatin nan, likita ne zai fara ganinsa. Wannan saurayin rungumarsa ya yi a ƙirji. Uwar kuma a ka ta ɗauka."

Kurtun da ke dama da Mujeeb ya ɗan ja jiki. Na hagu ya dubi rigar Mujeeb, ya dubi tasa.

"Madam, abin yana manne wa jiki ne?"

Ba ya mannewa. Sinadarin a rufe yake, wanda ya taɓa akwatin ba ya ɗauke da komai, ko jariri za a iya ba shi ya riƙe. Mubarika ta san wannan kamar sunanta. Ta ce, "Likita ne zai faɗa."

Kurtu biyun suka diro daga motar kusan tare. Wanda ya nufi Abibata ya ja da baya, ya mai da ankwarsa ƙugu. Sufeton ya dubi tafin hannunsa na dama, ya goga a wando, ya sake gogawa. Ya ce tunda batun lafiya ne, hukuma ta ɗauke su, in an buƙace su za a neme su. Babu wanda ya yarda ya matsa kusa da Mujeeb ya kwance shi. Daga nesa aka jefa masa mabuɗi. Ya faɗi a kwalta, Abibata ta ɗauka ta kwance ɗanta da hannunta, ta jefar da ankwar a ƙasa, aka rasa mai ɗauka.

Sufeton ya matso kusa da Mubarika, ya rage murya.

"Madam, don Allah ɗan duba min hannun nan."

Ta kara mitar a tafinsa. Ta bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta juya bayan hannun, ba ta yi sauri ba. Mitar ba ta ce komai ba.

"Babu komai," ta ce. "Hannun da ka yi mari da shi ne?"

Ya cusa hannun a aljihu, ya koma wurin motarsa.

A motar da ta kai su asibiti, Fauziya na baya da jaririn, ta juya wa mahaifiyarta baya. Mujeeb ya jingina kai da gilashi. Abibata na riƙe da leda, a ciki akwai takalmin direban a-kori-kura da wayarsa, waɗanda mai lemo ta cire mata daga cikin kayan kafin manajan ya kwashe. Ta ce hannun mai su za ta ba, ba hannun wancan ba. Direban motar ya kunna rediyo. Mai labarai ya ce jami'an tsaro sun yi nasarar ƙwato wata na'ura mai haɗari da wasu matasa suka yi awon gaba da ita a Nima, kuma kamfanin ya gode wa 'yan sanda. Mubarika ta miƙa hannu ta kashe.

"Bar shi," in ji Abibata. "Kunna. Ina son in ji duka."

Ta kunna. An riga an shiga labarin ƙwallo.

Likitoci sun duba Fauziya da jaririn, sun duba Abibata, sun duba mai sayar da lemo, har da kurtu biyun da suka biyo baya da kansu suna roƙo. Ba a samu komai a jikin kowa ba. Cikin duk waɗanda aka duba a ranar, mutum ɗaya aka rubuta wa magani. Mujeeb ne, dodon kunnensa na hagu ya fashe.